Dokar sinadarai a ruwan sha: me yasa ba'a sa sifili, kuma waye ke biyan kudin?

Dan uwa, tambayarka biyu ce a dunkule. Kace idan an san sinadari guba ne me yasa gwamnati bazata ce kawai kada a samu ko digo daya a ruwan sha ba, sai ta tsaya tana cewa an yarda da kaza ba'a yarda da kaza ba, sannan kace kaji wasu na cewa wadannan dokokin ne ke sa kudin ruwa tsada kuma asarar kudi ce. Na dade ina aikin gwajin ingancin ruwa, daga daukar samfur a bakin famfo har zama a dakin gwaji ana jiran inji ya fitar da lamba, to bari in fada maka yadda nake ganin abin, amma kayi hakuri zai dan yi tsawo.

Farko dai maganar sifili. Babu ruwan da zaka debo a duniya kace ba komai a cikinsa sai ruwa zalla, ruwa yana bi ta cikin duwatsu da kasa da bututu kuma duk abinda ya taba sai ya kwaso kadan daga ciki. Wasu gubobin ma ba mutum ne ya zuba su ba, asenik misali a cikin kasa yake tun asali, haka fuloraid. Sannan kalmar "babu" a bakin ma'aikacin dakin gwaji ma'anarta injina bai iya gani ba, shikenan. Injin da muke dashi yau yana ganin abinda na shekara talatin baya bazai taba gani ba, kaga kenan ruwan da akace "babu komai" a da yanzu sai ka samu akwai, ba don ruwan ya canza ba, idonmu ne ya kara kaifi.

Don ka gane kankantar abinda ake magana akai: ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, na asenik shine maikrogiram 10 a lita daya. Wato giram daya tak ka narka a cikin lita dubu dari. Na dalma ma 10 ne, na fuloraid miligiram 1.5, na naitiret miligiram 50. Kuma wannan ma'aunin na WHO ba doka bane fa, shawara ce, kowace kasa ita ke zama ta rubuta nata ta mayar dashi doka idan ta ga dama.

Yadda ake samo lambar kuwa, ana fara tambayar likitoci da masu bincike ne, nawa mutum zai sha kullum har karshen rayuwarsa bai cutu ba. WHO tana lissafi da babban mutum mai kilo 60 da ke shan lita 2 a rana. Idan sinadarin mai jawo ciwon daji ne wanda ba'a san wani mataki da za'a ce daga nan zuwa kasa lafiya lau bane, sai su dauki matakin da zai iya kara mutum daya mai ciwon a cikin mutum dubu dari da suka sha ruwan shekara 70. To daga nan sai injiniya ya shigo yace wane inji ne zai iya cire shi har zuwa nan, mai dakin gwaji yace ni zan iya auna shi daidai a wannan matakin ko bazan iya ba, mai kasafin kudi yace nawa zai ci. Lambar da kake gani a takardar doka sulhu ce tsakanin mutanen nan hudu. Amurka ma a fili take yin abin, tana da lamba biyu, akwai buri na lafiya wanda na asenik da dalma sifili ne, akwai kuma iyakar da doka ke kama mutum da ita. Dokarsu ta ruwan sha tun 1974 take, a 1996 suka gyara ta suka wajabta wa hukumar kare muhallinsu EPA ta rika auna kudin da sabuwar doka zata ci da amfanin da zata kawo kafin ta kafa ta.

Labarin asenik dinsu shi nafi so in baka don duk rigimar tana cikinsa. A 1942 suka sa iyakar maikrogiram 50, WHO ta sauko zuwa 10 a 1993, su kuma sai a farkon 2001 suka sa hannu akan 10, sabuwar gwamnati ta hau ta dakatar da abin tace sai an sake dubawa, akayi ta cece-kuce wata da watanni, karshe a wannan shekarar dai aka bar shi a 10 aka ba masu samar da ruwa zuwa 2006 su cika sharadi. EPA ta kiyasta zai ci wajen dala miliyan 180 duk shekara. A kasa kamar Amurka wannan ba wani kudi bane idan ka raba shi kan kowa, amma matsalar ba'a raba shi kan kowa. A kiyasin nasu, gidan da ke babban gari karin da zai gani a shekara daga kasa da dala daya ne zuwa dala 32, gidan da ke karamin gari kuwa daga dala 38 har zuwa 327. Doka daya, guba daya, amma dan kauye zai iya biyan ninkin na dan birni sau goma ko fiye.

Dalilin ba boyayye bane. Injin tace ruwa yana da kudin da dole ka kashe ko mutum dari zai yiwa aiki ko mutum dubu dari, gini, ma'aikaci mai takarda, gwaji duk wata, wutar lantarki. Babban birni zai raba wannan akan gidaje rututu har ba wanda zai ji a jikinsa, karamin gari mai rijiyar burtsatse biyu da ma'aikaci daya kuwa akan 'yan gidajen nan zai sauke shi. Kuma abin takaicin, yawanci kananan garuruwan ne suka dogara da ruwan karkashin kasa inda asenik din yake.

Na taba zuwa wani karamin gari da aka sa musu irin wannan matatar, bazan ambaci suna ba. Tankuna biyu ne cike da wani gari-gari mai launin tsatsa wanda asenik ke makalewa a jikinsa, an kaddamar dashi anyi hoto kowa ya watse. Bayan wasu shekaru na dauki samfur a inda ruwa ke shiga da inda yake fita, sakamako ya fito kusan iri daya. Da na koma sai dattijon da ke kula da wajen ya ja ni bayan tankin ya nuna min wani bawul, yace injiniya wannan na bude, ruwan zagaye tankin yake yi yanzu. Ya dauko littafinsa, wallahi ko rana daya bai tsallake ba, ya rubuta ranar da gari-garin tankin ya cika ya daina kama komai, ya rubuta duk wasikar da ya aika yana neman a canza, ba amsa, matsin ruwa ya fadi mutane suka fara zuwa gidansa da korafi, shine ya bude. Ban iya ganin laifinsa ba. An bada kudin sayen inji ba'a ware kudin ciyar dashi ba, kuma a takarda garin nan yana cikin wadanda "an magance musu matsala". Har yau abin yana damuna don yara nawa suka sha ruwan nan iyayensu na ganin tanki a tsaye suna zaton an gama.

Shi yasa in ana maganar kudin doka nake cewa a daina kallon kudin gini kadai. Akwai kudin gwaji, kuma shi ake fara yankewa idan aljihu ya matse saboda ba wanda ke ganinsa. Akwai kudin canza kayan tacewa. Akwai kuma wanda mutane basa tunawa sam, gubar da ka cire ina zaka kaita? Bata bace ba ai, ka tattara ta ne waje daya, ta koma laka ko ruwan gishiri mai kauri ko gawayin da ya koshi, kuma zubar da wannan ta hanyar da bazai koma cikin kasa ba shima kudi ne.

Yanzu bangaren masu cewa asara ce. Akwai gaskiya kadan a maganarsu kuma bana son in boye ta. Duk lokacin da ka kara matse lamba, kudin hawa yake da sauri amfanin kuma yana raguwa, saukowa daga 500 zuwa 50 zai ceci mutane masu yawan gaske, daga 50 zuwa 10 zai ceci wasu amma basu kai na farko ba, daga 10 zuwa 3 kuma kudin ya haura sosai. Kuma aljihu daya ne, abinda ka kashe anan baka kashe shi a can ba. Inda bututu ke fashe kazanta na shiga, yara na mutuwa da gudawa da kwalara cikin kwana biyu uku, to a wajen nan kashe kwayoyin cuta shi ne gaba da komai. Kulorin da ake kashe su dashi shi kansa yana da tasa matsalar, a 1974 wani masani a Rotterdam ta kasar Holland mai suna Johannes Rook ya gano idan kulorin ya hadu da rubabben ganye da makamantansu a ruwa yana haifar da wasu sinadarai irin su kulorofom, daga baya aka sa musu iyaka, amma WHO ta tsaya kai da fata cewa kada a kuskura a rage kashe kwayoyin cuta don gudun wadannan. Nima akan haka nake.

Dubi Bangladesh. Daga shekarun 1970 aka haka miliyoyin rijiyoyin famfo don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kashe yara, kuma an samu nasara a wannan, sai dai ba'a gwada asenik ba. A 1993 aka tabbatar yana ciki, wani kiyasi da ya fito a mujallar WHO a 2000 yace mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin hadari. Iyakar kasar 50 ce ba 10 ba, kuma abinda akayi da farko mai sauki ne, aka bi rijiya-rijiya ana gwadawa, wadda ta wuce iyaka a shafa wa bakin famfonta jan fenti, mai kyau a shafa kore, mutane su koma diba a mai kore. Da ace tun ranar haka rijiyar an gwada, kudin gwajin ko kusa bazai kai abinda aka kashe daga baya ba, balle cutar fata da ciwon daji da mutane suka kwasa.

To amma inda na rabu da masu cewa asara ce shine, suna lissafa abinda ya fito a bil ne kadai. Kudin tace ruwa kowa na ganinsa, yana da rasit, yana da ranar biya. Kudin rashin tacewa kuwa a warwatse yake, yana asibiti bayan shekara ashirin, yana jikin yaron da dalma ta taba masa kwakwalwa yana aji baya gane karatu ana cewa dakiki ne, ba wanda zai kawo maka rasit din wannan. Garin Flint a jihar Michigan ta Amurka ya isa misali. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin ruwa zuwa kogin Flint don a rage kashe kudi, ba'a sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, ruwan ya kankare rufin da ke cikin tsofaffin bututun dalma ya kwaso ta zuwa gidajen mutane. Mutane sun yi ta daga kwalabe da ruwa mai launi ana ce musu lafiya lau, sai da wata likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon jinin yara a Satumbar 2015 sannan aka saurara. Diyyar da kotu ta amince da ita daga baya ta kai dala miliyan 626, banda kudin tone bututu, banda yardar da mutane suka cire daga famfo wadda har yanzu bata gama dawowa ba. Kuma ka lura Flint ba rashin doka bane, dokar tana nan, bin ta ne ba'ayi ba.

Dalma tana da wani hali da ya sa ta fi sauran wahala. Ruwan zai bar matata tsaf, a hanya yake dauko ta, a bututun da ya shigo gida ko a kan famfon kansa. Shi yasa gwajinta a gida ake yi, a bar ruwan ya kwana a bututu akalla awa shida ba wanda ya taba famfo, da safe a tari litar farko. Idan mai gida ya manta ya bude ya wanke fuska kafin ka zo, ko wani ya baka shawarar ka bar ruwan ya zuba tukunna, to sakamakon zai fito da kyau alhali karya ne. Irin wadannan kananan abubuwan su ke raba dokar gaske da ta takarda. Maganinta na dindindin kuma tone bututun ne gaba daya, Amurka ta ware dala biliyan 15 don haka a dokar ayyukan raya kasa ta 2021, Tarayyar Turai kuma ta sa a sauko da iyaka zuwa maikrogiram 5 kafin 2036.

Rigimar da ake ciki yanzu ita ce ta PFAS, wadanda ake kira sinadaran har abada saboda basa rubewa, ana samunsu a kumfar kashe gobara da tukwanen da abinci baya kamawa da kayan da ruwa baya jikawa. A Afrilun 2024 EPA ta sa wa biyu daga ciki, PFOA da PFOS, iyakar nanogiram 4 a lita. Giram daya kenan a lita miliyan 250, kwatankwacin wurin ninkaya na gasar Olamfik guda dari. A wannan matakin daukar samfur ma kansa aiki ne, baka sa rigar ruwa, baka taba tef din da ake nade bakin famfo dashi, kana tafe da wata kwalba ta ruwa mai tsabta da zaka bude a wajen ka juye ka rufe don a tabbatar ba daga jikinka ko iska abin ya shiga ba. EPA tace dokar zata ci wajen dala biliyan daya da rabi a shekara, kungiyar masu samar da ruwa ta kasar tace a'a ya ninka haka fiye da sau biyu, a 2025 kuma hukumar ta sanar zata daga wa'adin daga 2029 zuwa 2031. Kullum haka ake yi, mai kafa doka lissafinsa kasa, wanda zai biya lissafinsa sama.

Ni a wajena tambayar da tafi "nawa zai ci" muhimmanci ita ce waye zai biya. Hukumar ruwa bata kera PFAS ba, mai shan ruwa bai kera ba, amma in akayi shiru bil dinsa ne zai dauka. Kamfanin 3M, daya daga cikin wadanda suka kera PFAS, ya amince a 2023 zai biya akalla dala biliyan 10.3 ga masu samar da ruwa a Amurka cikin shekara 13, kuma sai da aka kai ruwa rana a kotu kafin a kai nan. Ba kullum ake nasara ba, hukumar ruwan Des Moines a jihar Iowa da ke kashe kudi tana cire naitiret din takin gonaki ta kai kananan hukumomi uku kara a 2015, a 2017 kotu ta kori karar, mutanen gari suka cigaba da biya. Munich a Jamus kuwa wata hanya ta bi, tun 1992 take biyan manoman da ke kewayen inda take dibar ruwa su koma noma ba takin zamani ba maganin feshi, wato ta tare abin tun daga tushe kafin ya shiga ruwan. Duk inda hakan zai yiwu nafi goyon bayansa, hana guba shiga yafi cire ta arha nesa ba kusa ba, sai dai asenik da fuloraid na cikin kasa ba wanda zaka kama, nan dole gwamnati ta tallafa wa kananan garuruwa ko ta hada su da babban layi, ko a nemi wata rijiyar a gauraya ruwan har lambar ta sauko.

Abinda bana so shine kasa ta kwafo jerin lambobin wata kasa sinadari dari da wani abu ta buga a gazet, alhali dakin gwajinta guda nawa ne kuma rabinsu ba kayan aiki. Gara ta zabi goma sha biyar din da ta san suna cikin kasarta da bututunta da gonakinta, ta gwada su da gaske akan lokaci, ta buga sakamakon kowa ya gani, ta sa wa'adin matsewa a hankali. Kuma mai gwadawa kada ya zama shine mai sayar da ruwan.

Kai kuma a gidanka, tunda na san daga karshe nan tambayar zata dawo: tafasa ruwa yana kashe kwayoyin cuta amma baya cire asenik ko dalma ko naitiret, kara musu kauri ma yake yi don ruwan ne ke tashi su suna zaune. Garai-garai din ruwa ko dadinsa a baki ba shaida bane, asenik bashi da launi bashi da wari bashi da dandano. Idan rijiyarka ce ta kanka to a yawancin kasashe dokar ruwan famfo bata shafe ta ba, kai ne hukumar kanka, ka kai samfur dakin gwajin da aka amince dashi ko sau daya ne, musamman in akwai jariri da ake dama wa madara da ruwan, saboda naitiret jarirai yake fi kamawa yana hana jininsu daukar iska. Idan kuma na famfo kake sha, kaje ka nemi sakamakon gwajinsu na karshe, ka duba kwanan watan da ke jiki, ka tambaya a ina aka dauki samfur din, a bakin matata ne ko a unguwa irin taku.